Kayan masarufin gargajiya na karkarar Kano

Kayan masarufin gargajiya su ne hatsi, wake, mai, busasshen ganye da kayan ƙamshi waɗanda gida ke ajiyewa daga kaka zuwa kaka, kuma daga cikinsu ake haɗa abincin yau da kullum. A karkarar Kano, kamar ƙauyukan da ke bakin kogin Watari a ƙaramar hukumar Bagwai da maƙwabciyarta Bichi, mafi yawan waɗannan kaya a gona ko a bayan gida ake samunsu, sauran kuma a sayo su a kasuwa. Yankin yana cikin ƙasar noma mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin gida, ana kuma barin itatuwa masu amfani kamar tsamiya, kuka da ɗorawa a tsakiyar shuka. Madatsar ruwan Watari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980, ta ƙaro noman rani na shinkafa da kayan lambu, amma abin da ke cikin rumbu bai sauya sosai ba.

Kaya da dama a cikin jerin, irin su gero, dawa, tsamiya, riɗi, citta da zogale, su ne kuma ginshiƙin girki a karkarar ƙasar Indiya. Dalilin haka tsohuwar musanyar iri ce tsakanin nahiyoyin biyu, kuma saboda ita binciken da aka yi a can kan amfanin waɗannan kaya ga lafiya yana da abin da zai gaya wa mai girki a nan.

Ajiya da rabon aiki

Hatsi a dami ake kawo shi gida, a jera a rumbu. Maigida ne ke da alhakin fitar da awo da kuɗin cefane. Sussuka, surfe, bakace da niƙa aikin mata ne, ko da yake injin niƙa ya rage musu wahalar dutse da turmi. Kayan miya kuwa a hannun uwargida suke: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kalwa ko daddawa, barkono, kauɗar tumatir, duk a tukunya ko a kwalba ko a ƙulle cikin leda. Busarwa ita ce babbar dabarar ajiya, kuma iskar hunturu mai bushewa tana taimakawa. Abin da ba a noma shi a yankin, kamar citta, kanumfari, masoro da kanwa, a wurin masu koli da 'yan tebur ake sayensa, su kuma sukan saro daga kasuwannin Kano, musamman Kurmi da Dawanau.

Abin da ya tafi Indiya da abin da ya zo

Gero ɗan asalin yankin Sahel ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun nomansa an same ta a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Dawa kuma a gabashin Sudan aka fara nomanta. Dukansu biyu, tare da wake, sun isa Indiya dubban shekaru da suka wuce, inda ake kiran gero bajra, dawa kuma jowar. A yau babu ƙasar da ta kai Indiya noman gero, kuma ita ce ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ga gero da danginsa. Cibiyar ICRISAT mai binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda aka kafa a 1972, hedikwatarta tana kusa da birnin Hyderabad, tana kuma da tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano.

Daga ɓangaren Asiya kuma riɗi, zogale, citta da kurkum suka zo. Sunayen wasu kayan suna nuna hanyar da suka biyo: kanumfari, hulba, kirfa da kurkum duk daga Larabci Hausa ta aro su, alamar cewa ta hannun fataken sahara da alhazai aka san su. Ɗaya daga cikin tsofaffin sunayen zogale ma shi ne bagaruwar Makka. Darbejiya ce baƙuwa ta baya-bayan nan, don a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Barkono kuwa ba na kowa ba ne a cikinsu: daga nahiyar Amurka Turawan Fotugal suka kai shi Afirka da Indiya bayan shekara ta 1500, ko da yake yanzu da wuya mutumin Kano ko na Hyderabad ya yarda cewa an taɓa yin girki babu shi.

Gero, dawa da wake

Da gero ake yin fura, kunu, koko, tuwo, burabusko da masa, dawa kuma galibi tuwo da kamu. Gero yana ɗauke da furotin kimanin kashi 11 cikin 100, ya kuma fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe da zink nesa ba kusa ba. Wannan yana da muhimmanci a yankin da ƙarancin jini ya yi yawa tsakanin mata masu ciki da ƙananan yara. Sai dai jiki ba ya samun duk abin da ke cikin ƙwayar, saboda wani sinadari mai suna faitet da ke riƙe ƙarfen ya hana hanji tsotsarsa. Jiƙa hatsi, barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa gasarar koko, ko barinsa ya tsiro kafin a niƙa, duk suna rage faitet. Cin abu mai bitamin C tare da abincin, kamar lemon tsami ko garin 'ya'yan kuka, yana ƙara yawan ƙarfen da jiki ke ɗauka. Shan baƙin shayi a kan abinci kuwa rage shi yake yi. Surfe mai tsanani yana fitar da gari fari mai kyaun gani, amma wani kaso na amfanin yana tafiya da dusar da ake zuba wa awaki.

A 2018 Jamhuriyar Nijar ta fitar da irin gero mai suna Chakti, wanda aka inganta don ya ƙunshi ƙarfe fiye da na gargajiya, bayan an yi irin wannan aiki a Indiya. Akwai kuma abin lura ɗaya: binciken da aka yi a yammacin Sudan ya danganta dogaro da gero kaɗai da cutar maƙoƙo a wuraren da abinci ba shi da isasshen aidin. Maganin hakan gishiri mai aidin ne, wanda doka ta wajabta a Najeriya tun farkon shekarun 1990, ba barin gero ba.

Wake shi ne naman talaka a zahiri, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne. Najeriya ce kan gaba a nomansa a duniya, Nijar na biye. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa, shi ya sa haɗa su a kwano ɗaya ya fi cin kowanne shi kaɗai. Garau-garau, ƙosai da koko, ɗan wake, da tuwo da miyar wake duk haɗi ne irin wannan, daidai da yadda mutanen Indiya ke cin shinkafa ko gurasarsu da romon wake da suke kira dal. Manoman yankin sun daɗe suna haɗa su tun a gona, inda ake shuka wake a tsakanin kunyoyin gero, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma ta zama abincin dabbobi da rani.

Tsamiya

Tsamiya itaciyar Afirka ce, amma ta daɗe a Indiya har Larabawa suka kira 'ya'yanta tamar hindi, wato dabinon Indiya, kuma daga nan sunanta na kimiyya da na harsunan Turai ya fito. A ƙasar Kano ana jiƙa ta a tace ruwan, a dama kunun tsamiya, wanda ba a raba shi da buɗa-baki a watan azumi, ko a zuba a ruwan tuwon dawa don ya yi ɗanɗano ya kuma kwana bai lalace ba. Ana haɗa ta da citta da kanumfari a yi abin sha mai sanyi. A kudancin Indiya ita ce ke ba miyar sambar da rasam tsaminsu.

Tsaminta daga sinadarin tatarik yake, kuma shi ne ke rage saurin lalacewar abinci, shi ne kuma ke fitar da tsatsa idan aka goge tagulla da ita. Amfaninta da ya fi tabbata ga lafiya shi ne sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida. Maganar cewa tana ƙona kitse ko tana wanke jini ba ta da hujja mai ƙarfi, kuma kunun da aka cika wa sukari ba zai rage wa kowa ƙiba ba. Yawan tsotsarta yana kashe haƙora. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zaren alharinin gargajiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wanda ake kira tsamiya, ya samo sunansa ne daga tsutsar da ke saƙa gidanta a jikin wannan itaciya.

Zogale da riɗi

Asalin zogale gindin tsaunukan Himalaya ne a arewacin Indiya. A can 'ya'yansa dogaye aka fi ci a miya, a ƙasar Hausa kuwa ganyen ne abinci: a dafa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, albasa da tumatir, ko a zuba a dambu, ko a yi miya. Yana jure fari, ana dasa shi a matsayin shinge, kuma yana ba da ganye a lokacin da sauran ganyaye suka yi wuya. Busasshen ganyen yana da furotin wajen kashi ɗaya cikin huɗu, da kalsiyam, ƙarfe da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A inuwa ya kamata a shanya shi, domin rana tana cinye bitamin ɗin. Dakakkiyar ƙwayarsa tana kwantar da laka a ruwa mai dauɗa, dabarar da matan Sudan suka daɗe da sani, sai dai ba ta kashe dukan ƙwayoyin cuta, don haka ba ta maye gurbin tafasawa. Daga shekarun 2000 an yi ta tallar zogale a matsayin maganin kusan kowace cuta. Abin da ya tabbata shi ne ganye ne mai gina jiki ƙwarai. Saiwarsa da ɓawonsa kuwa ana gargaɗin mai ciki ta nisance su.

Riɗi kusan rabinsa mai ne, kuma mafi yawan man irin wanda ba ya daskarewa ne, wanda likitocin zuciya suka fi so. Ana yin kantu da shi, ana yin miya, ana tatsar mai. Kantu yana da ɗan'uwa a Indiya, inda ake haɗa riɗi da mazarƙwaila a bikin Makar Sankranti na watan Janairu. A yau riɗi ya fi zama kayan sayarwa: daga Jigawa, Nasarawa da Binuwai ake tara shi, kaso mai yawa ya ratsa ta Dawanau zuwa Japan, Sin da Turkiyya.

Kayan yaji

Citta iri biyu ce a bakin Bahaushe: mai yatsu, wadda saiwa ce daga Asiya, da mai ƙwaya, wadda 'ya'yan wani tsiro ne na kurmin Afirka ta Yamma. Mai yatsu a kudancin Kaduna ake nomanta, wajen Kachia, Jaba da Kagarko, kuma Najeriya na cikin manyan masu nomanta a duniya bayan Indiya. Cutar da ta afka wa gonakinta a daminar 2023 ta sa farashinta ya ninka a kasuwannin Arewa. A cikin kayan yaji duka, citta ce ke da hujjar asibiti mafi ƙarfi: gwaje-gwaje da dama sun nuna kimanin giram ɗaya a rana yana rage tashin zuciya na laulayin ciki. Kanumfari, wanda asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, yana ɗauke da wani mai da ke kashe zafi, shi ya sa ake danna shi a haƙori mai ciwo. Yana lafar da zafin na ɗan lokaci, ba ya cike ramin.

Masoro ma suna ɗaya ne ga abu biyu, na Afirka ta Yamma mai ɗan wutsiya, da baƙin da ake kawowa daga Asiya, wanda gaɓar Malabar ta Indiya ta yi suna a kansa tun zamanin Rumawa. Da shi da kimba, citta, kanumfari, barkono da tafarnuwa ake daka yajin jego, wanda dangi ke kai wa mai haihuwa.

Kurkum, wanda tsofaffi ke kira gangamau, a da an fi saninsa a wurin dukawa da marina saboda launinsa rawaya. Yanzu ya shiga girki ta hanyar garin kori, ya kuma shiga gyaran jikin amare tare da dilka, kamar yadda ake shafa wa ango da amarya shi kafin biki a Indiya. Sinadarin da ake yabo a cikinsa, kurkumin, bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai sai an haɗa da masoro. Akwai alamun yana rage ciwon gaɓoɓi, amma da'awar cewa yana warkar da ciwon daji ba ta tabbata a kan mutane ba. Wanda ake zubawa a abinci ba shi da illa. Ƙwayoyin da aka tattara kurkumin mai yawa a cikinsu ne aka samu sun taɓa hantar wasu mutane, kamar yadda ya faru a Italiya a 2019. A shekarar ce kuma masu bincike na jami'ar Stanford suka bayyana cewa wasu masu sarrafa kurkum a Bangladesh suna zuba masa rini mai ɗauke da dalma don launinsa ya fito. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya san girman wannan haɗari. Sayen saiwar a daka a gida ya fi sayen garin da ba a san inda ya fito ba.

Hulba, wadda ake kira methi a Indiya, mata ne suka fi amfani da ita, don ƙarin ruwan nono ko don ƙiba. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana rage sukarin jini kaɗan, saboda haka mai shan maganin ciwon suga ya sanar da likitansa kafin ya dimance ta, mai ciki kuma kada ta sha da yawa. Ƙamshinta yana fita a gumi. Habbatus sauda, wadda ambatonta ya zo a hadisi, ana cinta da zuma ko a sha manta. A Indiya kayan girki ce da ake barbaɗawa a gurasa.

Nono da man shanu

Matan Fulani ne ke kawo nono, kindirmo da man shanu kasuwa. Idan aka soya man har ruwansa ya ƙone, yakan yi watanni bai lalace ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake kira ghee a Indiya. Cokali ɗaya a kan tuwo yana taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A na ganyen miya, kuma yana da amfani ga yaro mai rama. Amma fiye da rabinsa kitse ne mai daskarewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Fura da nono ma tana da takwara a jihar Rajasthan, inda ake dama garin gero da tsala. Madarar da ba a tafasa ba kafin ta yi tsami tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale.

Kuka, daddawa da kanwa

 Garin kuka yana da kalsiyam, kuma shi ne miyar da ba ta yankewa duk shekara. Daddawa daga kalwar ɗorawa ake yinta, a dafa, a wanke, a rufe kwana biyu ko uku ta ruɓa, kuma ban da ɗanɗano tana ƙara wa miya furotin, abin da dunƙulen kanti, wanda yawancinsa gishiri ne, ba ya yi.

Kanwa ce ke buƙatar dogon bayani. Ana haƙo ta a yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga, ana jefa ta a wake don ya yi saurin dahuwa, a kuɓewa da karkashi don yauƙi, a kuma ba dabbobi. Gishirin sodiyam ce, don haka hukuncinta ga mai hawan jini ɗaya ne da na gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana. Tana kuma lalata wasu bitamin na rukunin B idan ta yi yawa a tukunya. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun ba da rahoton cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai tsakanin matan Hausawa a Zariya, har kusan mace ɗaya cikin ɗari, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya karkata ga wasu dalilan, kamar rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka likitoci suna hana kunun kanwa ga mai jegon da ke da hawan jini ko kumburi, kuma mai jegon da ta fara haki, kumburin ƙafa ko kasa kwanciya rigingine, asibiti ya kamata a kai ta ba tare da jinkiri ba.

Haɗarin da ke tattare da ajiya

Gyaɗa, masara da barkono da ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, tana taruwa a jiki, tana jawo ciwon dajin hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Ƙuli-ƙuli da tunkuza da aka yi da ragowar gyaɗar da aka tsince mai kyau aka sayar su ne suka fi shiga wannan haɗari. Shanya a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, tsince ƙwayar da ta canja launi, da ɗora buhu a kan katako suna rage matsalar.

Wake kuma ƙwari ne abokan gabansa. A da toka, yashi, barkono ko ganyen darbejiya ake haɗa shi da su, kuma manoman Indiya ma da ganyen darbejiya suke kare hatsinsu. Daga baya wasu 'yan kasuwa suka koma zuba maganin ƙwari kai tsaye a buhu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin daikulobos da aka samu a cikinsa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Jarka ko durom mai murfi da aka cika taf aka toshe yana yin aiki iri ɗaya, muddin waken ya bushe sarai kafin a zuba kuma ba a riƙa buɗewa ba.